Tashin Motar da Ta Daɗe Tana Barci

A Ingila akwai wata irin sadaka da takan faro daga bayan ƙyauren gareji. Dattijo ya rasu, ko ƙarfi ya ƙare masa, ya bar ƙaramar mota mai kujera biyu lulluɓe da tsohon bargo, shekara goma ko sha biyar ba wanda ya tayar da ita. Iyali su zauna su yi shawara, su ce a bayar da ita: kuɗinta ya tafi gidan jinyar da ya kula da shi a kwanakinsa na ƙarshe, ko ga masu binciken cutar daji, ko ga RNLI, ƙungiyar da tun 1824 take fita ceton waɗanda teku ta ritsa da su. Niyya ta yi kyau. Sai dai ƙungiyar agaji ba ta da abin yi da motar da tayoyinta suka sace, ɓeraye suka yi sheƙa a kujerunta. Kuɗi take bukata ta biya ma'aikatan jinya, ta sayi magani. Tsakanin niyyar iyali da wannan kuɗi akwai mutum guda, bakaniken da ya san yadda ake tashin tsohuwar mota ba tare da an ji mata ciwo ba, kuma aikinsa ya cancanci a tsaya a kalle shi daki-daki.

Mu ɗauki MGB, domin ita aka fi tararwa a irin waɗannan gareji. A garin Abingdon, kudu da Oxford, kamfanin MG ya ƙera ta daga 1962 zuwa watan Oktoba na 1980 da aka rufe masana'antar, kuma an yi fiye da 500,000. Injinta silinda huɗu ne, lita 1.8, babu kwamfuta a cikinta, babu na'urar da za a jona mata ta faɗi abin da ke damunta. Ciwonta sai dai a gani da ido, a ji da kunne, a shinshina, a lalaba da yatsa. Haka 'yan uwanta suke, su Triumph TR6 da Austin-Healey 3000 da Jaguar E-Type, ko da yake kowacce da halinta da farashinta.

Gwanin ba ya fara da sifana. Takardu yake fara nema. Zai karɓi V5C, takardar rajistar da hukumar DVLA ta garin Swansea ke bayarwa, ya buɗe bonet, ya goge ƙaramin farantin ƙarfen da aka buga lambar mota a kai, ya gwada harafi da harafi. A MGB mai buɗaɗɗen sama lambar kan fara da GHN, a mai rufin ƙarfe kuma da GHD. Daga nan ya tattara duk wani rasit da marigayi ya ajiye, da tsofaffin takardun gwajin lafiyar mota, ya jera su shekara bayan shekara. Dalili kuwa, agogon tafiyar motar gurbi biyar gare shi, idan ya kai mil 99,999 sai ya koma sifiri, don haka takardu ne kaɗai za su shaida ko 40,000 da ke rubuce na gaskiya ne ko an riga an zagayo. Sannan ya rubuta wa ma'ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon, inda aka adana littattafan masana'antar, su aiko da shaidar ranar da aka haɗa motar, da launin da ta fito da shi, da inda aka fara kai ta. Wannan 'yar takarda tana ƙara wa mai saye natsuwa, natsuwar mai saye kuwa kuɗi ce a aljihun ƙungiyar agaji.

Bayan takardu sai jiki, kuma a nan kayan aikinsa uku ne kacal: tocila, ƙaramin maganaɗisu, da sukudireba. MGB ba ta da ƙashin ƙarfe daban da aka ɗora jiki a kai. Jikin ne ƙashinta. A mai buɗaɗɗen sama kuma, tun da ba ta da rufi, nauyin riƙe gaba da baya ya koma kan dokin ƙofa, wato dogon akwatin ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin kowace ƙofa, wanda aka haɗa da falle-fallen ƙarfe a ciki da waje. Kowane hunturu ana watsa gishiri a titunan Ingila don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya shige cikin akwatin, ya fara ci daga ciki. Fenti yana ƙyalli a waje, ciki kuwa ya zama gari.

Sai ka ga gwani ya durƙusa, ya naɗe maganaɗisun a ƙyalle don kada ya karce fenti, yana jan sa a hankali daga bayan tayar gaba zuwa ta baya. Inda ƙarfe yake, maganaɗisu ya kama. Inda ya saki, wani ya taɓa cike rami da fila ya shafe da fenti. Ya juya sukudireba, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙotarta: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Ya miƙe ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Idan ta tsuke a sama ta buɗe a ƙasa, motar ta fara lanƙwasa a tsakiya, bayanta ya gaji. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya haska, ya leƙa ramukan batir da ke bayan kujeru, ya shiga ƙarƙashi ya duba inda sifirin baya ya kama jiki. Duk abin da ya gani yana rubutawa, mai daɗi da marar daɗi. Mai son jiki kan zagaya motar sau ɗaya, ya shafa fenti, ya ce lafiya lau. Wannan kuwa yakan yi awa biyu gwiwarsa a ƙasa kafin ya ce uffan.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin shi ne abin da ba ya yi. Makulli yana nan a jiki, amma ba ya murɗa shi. Injin da ya yi shekaru a tsaye, duk baƙin man da ke jikin sassansa ya tsiyaye zuwa ƙasa, zobban fistin sun manne da bangon silinda da 'yar tsatsa. Wanda ya kawo sabon batir ya murɗa makulli don ya ji ko za ta tashi, cikin daƙiƙa kaɗan zai iya karya zobe, ya karce silinda, ya gurje ƙarfe a kan ƙarfe. Motar da za ta yi tsada ta koma ta gyaran inji, asarar kuma ta marasa lafiyar da aka yi niyya domin su ce. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji Bahaushe, kuma a nan ana iya lissafa kuɗinta.

Maimakon haka, sai ya kwance fulogi huɗun, ya jera su bisa tsari, ya karanta bakin kowanne. Ruwan ƙasa mai haske alamar inji mai ƙona mai daidai ne, baƙin toka alamar fetur ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai alamar zobba sun gaji. Ya ɗura ɗan mai mai ruwa-ruwa a kowane rami, ya rufe bonet, ya tafi abinsa. Kwana biyu, kwana uku, wani lokaci mako guda, yana barin man ya ratsa. Ranar da ya dawo, ya ɗora sifana a kan babban notin da ke gaban inji, ya danna a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya ji ya saki. Ya juya shi da hannu zagaye biyu cikakku, yana saurare ta cikin tafin hannunsa ko akwai inda ya cije. Ya tsiyaye tsohon baƙin mai ya dube shi a haske: idan ya yi fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ya buɗe tanki ya shinshina, domin tsohon fetur warin fenti yake yi, kuma yakan daskare ya toshe hanyoyi. A zubar, a wanke, a canza tiyon roba, musamman tun da fetur na E10 da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2021 yana cin tsohuwar roba.

Kafin ya ɗaura batir ma sai ya tsaya ya tambayi shekarar motar. MGB ta farko, har zuwa 1967, kan batir mai alamar tarawa ake ɗaure wa jikin mota, saɓanin yadda aka saba a yau, kuma har zuwa 1974 ƙananan batura biyu masu bolt shida-shida take ɗauka. Wayoyinta na kamfanin Lucas ne, launinsu kuma harshe ne ga wanda ya iya: ruwan ƙasa kullum da wuta a cikinta, fara sai an murɗa makulli, koriya ta bi ta fis, ja ta ƙananan fitilu, shuɗiya ta manya, baƙa ta koma jikin mota. Da wannan ilimi yakan bi waya daga gaba zuwa baya ba tare da ya buɗe littafi ba, yana kankare tsatsar kowace mahaɗa har ta yi haske. Idan ya murɗa makulli rabi, sai ya karkata kai yana jiran famfon fetur da ke bayan motar ya fara tak-tak-tak da sauri, ya rage, ya yi shiru idan mai ya cika. In bai motsa ba, ɗan bugu da ƙotar sukudireba kan farkar da shi, amma gwani ya san wannan na ɗan lokaci ne, sai ya buɗe shi ya goge bakin wutarsa.

Har yanzu fulogi suna waje. Ya juya injin da sitata, idonsa a kan agogon matsin baƙin mai, har allurar ta ɗaga, alamar mai ya kai ko'ina. Ya ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lambobi huɗu. Abin da yake nema su yi kusa da juna, kada tazararsu ta wuce kamar kashi goma cikin ɗari. Idan ɗaya ta faɗi, ya zuba cokali guda na mai a ramin ya sake gwadawa: in ta tashi, laifin zobba ne, domin man ya toshe musu kafa, in ba ta tashi ba, bawul ne ke yoyo. Dubi yadda cokalin mai ya ba shi amsar da wani sai ya farke inji zai samu. Sannan ya daidaita tazarar bawul da siririn ganyen ƙarfe mai kaurin inci 0.015, yana zura shi yana ja har ya ji yana wucewa da ɗan riƙo, kamar wuƙa a cikin sabulu. Ya mayar da fulogi, ya jera wayoyinsu bisa tsarin tashin wuta, 1-3-4-2. Sai yanzu ne ya murɗa makulli har ƙarshe. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama.

Kamawa ba ita ce lafiya ba, saura daidaita numfashi. MGB tana da kafireto biyu ƙirar SU, sunan da ya samo asali daga 'yan gidan Skinner, masu sana'ar takalma, waɗanda kafiretonsu na farko har da zuga-zugin fata a cikinsa. Kowanne yana da murfi mai siffar ƙararrawa, a ciki akwai fistin da ke tashi idan inji ya zuƙi iska, a ƙarƙashin fistin kuma siririyar allura mai tsini da ke shiga cikin ramin fetur. Fistin ya tashi, allura ta janye, rami ya buɗe, fetur ya ƙaru daidai da iska. Gwani kan sa yatsa ya ɗaga fistin ya sake shi. Idan ya sauka ya buga ƙwas, allura tana tsakiyar raminta. Idan ya sauka shiru ko ya maƙale, sai an gyara zamanta. A saman ƙararrawar akwai ɗan murfi da ake kwancewa a ɗiga mai, man da ke hana fistin zabura idan an taka totur.

Kafireto biyu dole su zuƙi iska daidai wa daida, in ba haka ba silinda biyu su yi aiki, biyu su bi su a baya. Akwai na'urar awo, amma tsofaffin hannu da guntun tiyo suke yi. Zai sassauta sandar da ta haɗa kafireton biyu, ya sa bakin tiyo ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireto na gaba, ya saurari shuuu ɗin iska. Ya matsa zuwa na baya, a daidai wuri irin na farko, ya saurara. Ya murɗa sukuru ɗan kaɗan, ya koma, ya dawo, ya koma, har muryoyin biyu su zama ɗaya. Sannan ya gwada yawan fetur da ɗan ƙusar da ke gefe, wadda ke ɗaga fistin abin da bai kai milimita guda ba. In gudun inji ya ƙaru ya tsaya a sama, fetur ya yi yawa. In ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan. In ya ɗan ɗaga ya dawo, an dace. Gyaran kuwa, a tsofaffin, da notin da ke ƙasa ake yi, mai fuska shida, fuska ɗaya a kowane juyi, a jira, a saurara. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon bakaniken Peugeot 504 yana saita sulo da kunne ya san wannan kallon, na mutumin da idonsa ke buɗe amma hankalinsa duk yana cikin sauti. Kuma kafireto shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, bayan bawul da wuta, domin wanda ya fara da shi zai yi ta ɓoye laifin wani wuri ne kawai.

Motar da ke tashi dole ta iya tsayawa. Man burki yana shan raɓa daga iska, shekaru suka wuce sai ya tsatsar da bututu daga ciki, robobi su bushe. A nan ba a tsimi: a canza mai, a canza tiyo, a buɗe faifan gaba da gangar baya a duba. Taya ko zanenta bai goge ba, gwani kan nemi lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, domin roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Idan motar mai ƙafafun waya ce irin na keke, waya 60 a kowace ƙafa, sai ya ja ƙarfe a kansu kamar mai kaɗa molo. Masu ɗauri suna ƙara tas, wadda ta saki sai ta yi dum, ya sa mata alama da alli. Ƙafar kuma noti ɗaya ne ke riƙe ta a tsakiya, a tsofaffin yana da kunne biyu, ana bugun sa da guduma mai kai biyu, ɗaya jan ƙarfe ɗaya ƙirgi, don kada a lotsa shi. Na hagu da na dama ba hanya ɗaya suke kwancewa ba, an yi haka ne don tafiyar motar ta riƙa ƙara ɗaure su. Wanda bai sani ba zai yi ta bugu yana ƙara ɗaurewa. Wanda ya sani, bugu uku ya cire, ya wanke haƙoran da ƙafar ke zama a kai, ya duba ko sun yi tsini saboda ci, ya shafa giris ya mayar.

Dokar Birtaniya ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a sauya mata kama sosai ba, ta kuma yafe mata harajin hanya. Duk wata MGB ta shiga wannan sahu. Amma mai mutunta sana'arsa yakan kai ta gwajin duk da haka, don wani ido daban ya gani, don kuma mai saye ya riƙe shaida. Kafin nan ya fita da ita mil ashirin ko talatin, rediyo a kashe, yana jin ƙarar giya, yana kallon zafin ruwa, yana lura ko allurar matsin mai ta tsaya sama da 50 bayan inji ya yi zafi.

Daga nan sai wani ilimin da ya fi na hannu wuya, wato sanin inda za a tsaya. Ana iya sabunta MGB gaba ɗaya, har sabon jiki ana bugawa a garin Witney da ainihin injinan da aka yi na asali. Amma cikakken gyara sau da yawa yakan ci fiye da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa, kuma duk fam ɗin da aka kashe daga rabon ƙungiyar agaji aka cire shi. Don haka gwani yakan raba aiki gida biyu: abin da zai sa motar ta tashi, ta tafi, ta tsaya lafiya, wannan a yi, abin da ado ne, a bar wa wanda zai saya. Ba ya sake fenti. Yakan wanke, ya goge, ya shafa wa fatar kujeru mai har ta yi laushi, ya bar gogewar da tafin hannun marigayi ya yi wa sitiyari. Masu son tsofaffin motoci suna biyan kuɗi don wannan tsufan na gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai rubuta bayanin sayarwa, inda amana take fitowa fili. Ya ɗauki hoton gefen da ya fi kyau, ya kuma ɗauki hoton ramin da ya gano a dokin ƙofar hagu, da sukudireba a ciki don a ga girmansa. Ya rubuta lambobin matsi huɗun yadda suke, ya faɗi abin da ya canza da abin da ya bari. Mai saye da ya ga an nuna masa aibi da hannu yakan yarda da sauran maganar, ya ɗaga hannu a wurin gwanjo ba tare da fargaba ba. Wanda ya cusa fila a rami ya fesa baƙin kwalta a kai zai iya samun ƙarin kuɗi yau, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunan ƙungiyar agaji ne zai ɓaci. Abin da aka bayar don Allah bai kamata a haɗa shi da algus ba. Akan kuma jira bazara, lokacin da rana ke fitowa mutane ke marmarin mota mai buɗaɗɗen sama, a sa mafi ƙarancin farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba, a roƙi masu gwanjo su yafe ladarsu, wasu kuma sukan yafe.

Ko miƙa kuɗin ma da dabararsa. A ƙarƙashin tsarin Gift Aid, idan mai biyan haraji a Birtaniya ya ba da kyautar kuɗi, ƙungiyar agaji tana karɓo ƙarin kwabo 25 a kan kowane fam daga hukumar haraji, muddin ya biya harajin da ya kai haka. Tsarin bai shafi kyautar kaya kai tsaye ba, shi ya sa akan shawarci mai mota ya sayar da sunansa sannan ya miƙa kuɗin: fam 8,000 sai ya zama 10,000. Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji a wasiyya kuma ba a cire masa harajin gado. Ta wannan hanya ce wani ɗan kasuwa, Richard Colton, ya bar wa RNLI motocinsa biyu ƙirar Ferrari ta Italiya, aka yi gwanjonsu a 2015 a kan fam miliyan 8.5, aka sayi jirgin ceto da ke garin Hastings ɗauke da sunansa da na matarsa. MGB ba za ta sayi jirgi ba. Amma kuɗinta na iya zama dararen da ma'aikaciyar jinya za ta kwana a gefen gadon wani, kuma kowane dare daga ciki ya dogara ne da ko an murɗa makulli da gaggawa ko an jira mako guda.

Ranar da mai saye zai zo, bakaniken kan riga kowa isa. Ya duba mai da ruwa, ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya kira uwargidan marigayi ta fito ta ji muryar da ta yi shekaru ba ta ji ba. Ya ɗora jakar takardu a kujerar gefe, tsofaffin rasit a ƙasa, nasa a sama, da gudumar jan ƙarfe a but. Ya nuna wa sabon mai ita ƙananan murafan nan biyu da ke saman kafireto, ya faɗa masa ya riƙa ɗiga musu mai. Sannan ya goge hannunsa da tsumma, ya tsaya a bakin titi, kansa a ɗan karkace, yana sauraron canjin giya daga ta biyu zuwa ta uku har ta sha kwana.